Babin da Malam Bai Ji Ba

A Birnin Gwari, zamanin da nake saurayi, in mutum ya ce zai yi karatu mai zurfi an san inda zai ƙare. Ko ya zama limami, ko ya zauna gefen alƙali yana duba masa littafi, ko ya shiga fada yana rubuta wa sarki takarda, ko kuwa ya koma lungu yana wanke allo yana ba mutane su sha. Tsofaffin da suka ga jihadi da idonsu suna nan da sauran ƙarfinsu a lokacin, kuma fiƙihu suke so su ji a bakin yaro, sai tafsiri. Ni kuwa Allah ya jarrabe ni da son abin da ba ya kai mutum ko ɗaya daga cikin waɗannan wurare. Manɗiƙi nake so, wato ilimin auna magana, a gane wace hujja ce ta tsaya da ƙafarta, wace ce aka tokare da bango. Bayan shi sai hisabi. Mahaifina ya ce da ƙira na koya da ya fi masa kwanciyar hankali.

Mutum ɗaya ne a duk cikin ganuwa yake karantar da manɗiƙi, shi ne wanda zan yi ta kira Malam a nan, don ni ba ni da wani Malam in ba shi ba. Zaurensa yana dab da ƙofar da fatake suke fita in za su Nupe. Ɗan siriri ne, baƙi, ƙafarsa ta hagu ta shanye tun wani kurkunu da ya yi masa mugun kamu yana yaro, don haka ko masallaci sai da sanda. Sauran malaman gari ba su cika son sa ba. Wasu suna cewa karatun nasa haramun ne, na mutanen da ba su san Annabi ba ne. In maganar ta zo kunnensa ba ya fushi, sai ya aika a tambaye su da me suka gane haramun ne. In suka jero hujjojinsu, wannan ta haifi wannan, sai ya yi murmushi ya ce, "To madalla, ga shi sun yi manɗiƙin da kansu."

Akwai wani fili na yashi a gaban buzunsa, wanda yake sa a ɗebo masa daga rafi. A kansa yake karantarwa, ya zana da yatsa, in an gane ya share da tafin hannu. Misalansa kuwa ba ya zuwa nesa nemansu. Ranar da na fara zama a gabansa, akwai ƙwarya a rufe da faifai kusa da shi. Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, kowace zuma tana da zaƙi, ko?" Na ce haka ne, Allah ya gafarta Malam. Ya ce, "Abin da yake cikin ƙwaryar nan yana da zaƙi. Mene ne a ciki?" Na yi caraf na ce zuma, don lokacin ɗiban zuma ne, matan Gwari suna ta shigowa da ita daga daji, kaya a kafaɗa. Ya miƙo mini ƙwaryar. Na kurɓa, ashe maɗi ne na ɗinya. Sauran ɗalibai suka fashe da dariya, ni kuwa kamar in nutse. Daga ranar, duk wanda ya kawo hujjar da ta yi kama da gaskiya amma ba ita ba ce, kalma ɗaya Malam yake ce masa: maɗi.

Hisabi ma a kan yashin nan na koya. Mun fara da rabon gado, don shi ne mutane suka yarda yana da amfani. Daga nan ya nuna mini hatimi, wato murabba'in da ake yanka shi gida-gida a zuba lambobi, ta yadda duk layin da ka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimilla ɗaya za ka samu. Shi abin da yake burge shi dalilin da ya sa abin yake fita. Mutanen gari kuwa ba ruwansu da dalili, so suke a rubuta musu a takarda a ɗinke a fata su rataya wa yaro. Da ya ga inuwar mutum a bakin zaure sai ya share yashin.

Haka muka yi ta tafiya, da rani karatu, da damina gona da ɗan abin da ya samu na karatu, har muka cinye littafin manɗiƙin saura babi ɗaya. Ni kaɗai na rage daga cikin waɗanda muka fara tare. Wani ya yi aure, wani ya bi fatake, wani ya ce kansa yana ciwo. Babin da ya rage shi ne na kurakuran hujja, inda ake jero hanyoyin da magana take ruɗin mai hankali. Na zo da safe da ɗokina, na buɗe, na yi bisimilla. Malam ya ɗora hannunsa a kan takardar.

Ya ce, "Nan karatuna ya tsaya."

Na zaci wasa yake yi. Sai ya ba ni labari. Malamin da ya karantar da shi baƙo ne daga yamma, mai niyyar hajji, wanda damina ta tsare a garinmu, ya zauna har ya ƙara wata daminar. Sun kai daidai wannan wuri sai ayarin da zai bi ya tashi. Ya ce in ya dawo sa ƙarasa. Bai dawo ba, ko labarinsa ba a ƙara ji ba. Malam ya kwafi littafin duka da hannunsa, babin ƙarshen ma yana nan, ya karanta shi da ido har takardar ta yi laushi. Amma bai taɓa jin sa daga bakin malami ba, kuma a wurinmu wanda bai ji ba ba ya bayarwa.

Raina ya ɓaci, ni dama ba ni da haƙuri. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai babu wanda ya san kurakuran hujja a ƙasar nan kamarka. Kullum cikin kama su kake, a kasuwa, a masallaci, har a bakin Inna." Inna ita ce matarsa, haka mu ɗalibai muke kiran ta.

Ya ce, "Sani daban, ji daban. Duk abin da na ba ka, na ji shi a bakin wani, shi ma ya ji a bakin wani, har a kai ga wanda ya tsara littafin. In na ba ka wannan, gobe aka ce maka daga wa ka ji, ka ce daga ni. Aka ce ni kuma daga wa, me za ka ce? Daga takarda? Takarda ba ta gyara wa mutum in ya karkace."

Ya shafa yashin da ba a rubuta komai a kansa ba. Sannan ya faɗi abin da ban taɓa tsammanin ji daga gare shi ba. Ya ce an gaya masa akwai wani malami a Katsina da yake da izinin littafin tun daga farko har ƙarshe. Shi Malam ƙafa ta hana shi zuwa, ga tsufa. Ya ce, "Ka je ka jiyo mana. In ka dawo, in sauka daga buzun nan ka hau, in zauna a gabanka ka karanta mini. Ba na so in mutu da littafi a buɗe."

Na tashi da kaka, bayan an yanke dawa, na bi wasu fatake da suka sauke goro za su koma arewa. Inna ta ɗaure mini daddawa a ganye. Dajinmu ba wurin wasa ba ne, har yanzu ma. Ana tafiya a jere, ba a ɗaga murya, saboda mahara da suke ɗauke mutane a hanya. Tsando ya addabi jakuna, ɗaya ya faɗi muka raba kayansa. Wani wuri muka tarar da kashin giwa yana tururi a tsakiyar turba, madugu ya ce a juya a zaga. Fulanin da muka iske suna kiwo a bakin wata fadama suka ba mu nono, suka gaya mana hanyar da ba za mu bi ba. Ni duk wannan bai dame ni ba, don a lissafina babi ɗaya ne, kafin ruwan fari na dawo.

Malamin Katsina dattijo ne mai jiki, mai kwarjini, zaurensa cike da mutane daga ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni, ban rage komai ba, har ƙafar Malam da shekarunsa. Ya saurare ni tsaf. Ya ce, "Allah shi yi ma malaminka albarka, mutumin kirki ne. Amma littafi ba rake ba ne da za a yanke maka gaɓa guda ka tafi kana sha. Wanda zai ji ƙarshe a wurina, daga bisimilla zai faro." Na ce na riga na karanta. Ya ce, "A wurina?"

Wallahi ranar da ina da ƙarfin hali da na gaya masa baƙar magana. Na fita na zaga gari ina neman wani mai izinin, aka ce akwai ɗaya amma ya yi gabas. Dole na dawo na zauna. Shi kuwa manɗiƙi ba kullum yake karantar da shi ba, sai Alhamis da Juma'a, in an huta da sauran karatu. Ya ɗauki baiti ɗaya ya yi ta juya shi har rana ta take. In azumi ya zo a rufe, a koma tafsiri. In ya yi mura a rufe. In wani ɗalibi bai gane ba a koma baya, kuma akwai wani mutumin Gobir a cikinmu da bai taɓa gane komai a karo ɗaya ba, Allah ya ji ƙansa, na sha yi masa mugun kallo.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, wata ma ta biyo. Ina ci da kaina da ɗinkin huluna da kwafar littattafai. Kuma ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin daɗin duniya kamar a waɗannan shekaru ba. Na sami waɗanda in na yi maganar hatimi ba laya suke tunani ba. Wani ya nuna mini yadda ake cika mai gidaje da yawa ba tare da lalube ba, ana tafiya a karkace gida bayan gida, na yi kwanaki ina neman dalilin da ya sa hanyar ba ta taɓa kuskure. Mukan zauna a inuwar tsamiya bayan la'asar muna gardama a kan ƙwayar gero, ko za a yi ta raba ta biyu har abada, ko akwai inda rabo yake tsayawa. Mukan yi gardama a kan ko ƙidaya tana da ƙarshe. Babu wanda ya ce mana mun kafirta, babu wanda ya ce mu tashi mu nemi sana'a. In na tuna yanzu cewa a daidai lokacin da nake wannan shagali wani abu yana faruwa a gida, daɗin sai ya koma mini ɗaci.

Ba wai na manta da Malam ba. Duk ayarin da ya zo daga wajenmu sai na je zango na tambaya. Amsa ɗaya ce kullum: "Lafiyarsa lau. Mun biya mun gaishe shi a zaure, ya amsa da bakinsa, ya ce a gaya maka kada ka tsallake ko layi ɗaya." Hankalina ya kwanta. Ban yi tunani ba, su ma ba su yi ba, cewa gaisuwarmu a jere take, kowa ya san abin da yake bin wani. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ina iyali, lafiya lau. Mutumin da ya shekara saba'in yana amsa ta ba ya bukatar kunne, ganin bakinka yana motsi ya ishe shi.

Da muka kai babin ƙarshe, zama kaɗan muka yi aka gama. Na kasa kunne ina jiran sabon abu, wani sirri da ya cancanci wannan doguwar tafiya. Babu. Duk abin da malamin Katsina ya faɗa, na riga na ji shi a zauren ƙofar Nupe ba a kira shi da sunansa ba. Har ƙwaryar maɗi na ji, da Larabci. Na rasa dariya zan yi ko kuka. Ya ɗora hannunsa a kaina ya ba ni izini, ya jero mini waɗanda ya ji daga gare su. Ya ce in zauna in riƙa koya wa ƙanana hisabi, zai ba ni ɗaki. Na yi godiya na ce ana jirana. Ruwa ya riga ya sauka, ba a samun ayari, na bi wasu masu kai kanwa da suka makara, muka yi ta fama da rafuka, har sai da muka jira kogin Mariga ya janye kafin mu haye.

Da hantsi na shiga gari, ko gidanmu ban biya ba. Malam yana kan buzunsa, ya ƙara ƙanƙancewa. Da ya gan ni fuskarsa ta washe, ya miƙo hannu biyu. Na durƙusa muka shiga gaisuwa, yana amsawa daidai. Sai na fita daga jeri, na ce, "Malam, yaya ƙafar?" Ya ce, "Iyali lafiya lau." Na ɗaga kai, na ga Inna a bakin ƙofar cikin gida ta rufe baki da gefen zane.

Ita ta gaya mini. Da bazarar da ta biyo bayan tafiyata sanƙarau ya ratsa garin, ya kwashe yara da yawa. Malam ya kwanta, an fid da rai, Allah ya tashe shi, amma kunnuwan suka tafi. An ɗiga man kaɗanya, an yi turare, wanzami ya yi nasa, ba abin da ya sauya. Na ce don me ba a aiko mini ba? Ta ce, "Shi ya hana, ɗan nan. Ya ce in ka ji za ka baro karatun ka taho."

Duk da haka washegari da safe ya sa aka share zaure. Ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Ya jawo jiki ya sauka daga buzu, ya nuna mini in hau. Na ƙi, ya galla mini harara irin ta da, na hau. Ya zauna a ƙasa, ya miƙe shanyayyar ƙafar, ya buɗe littafinsa a daidai wurin. Na yi bisimilla na fara. Yana kallon bakina. Na ɗaga murya. Na matso na kafa bakina a kunnensa na dama, na koma na hagu. Na yi ihu har kajin Inna suka watse, masu wucewa zuwa kasuwa suka taru a bakin zaure suna leƙe. Inna ta kawo ƙahon saniya da wani Bafulatani ya ba ta, aka fasa bakinsa, na sa masa a kunne na yi ta kwarara baiti a ciki har muryata ta dushe. Na tsaya, na yi masa alama da hannu: ka ji?

Ya ce, "Iskar bakinka na ji. Magana ban ji ba."

Da wani ne da ya gyaɗa kai an wuce wurin, babu wanda zai sani sai Allah. Ni kaina haka na so ya yi. Da na ga ba zai yi ba, sai na jawo yashin gabana, na tattara duk abin da na koya a Katsina na shirya masa hujja. Na rubuta cewa abin da ake nufi da ji shi ne ilimi ya taso daga malami ya isa ga ɗalibi. Na rubuta cewa ga ni a gabansa, yana ganin bakina, yana bin layi da yatsa, in ya karkace zan gyara masa a yashi. Na rubuta cewa ashe ke nan gani ya tsaya a matsayin ji, hukuncinsu ɗaya. Na tsara ta da kyau, ban taɓa tsara hujja da zuciyata duka kamar wannan ba.

Ya sunkuya ya karanta a hankali, har ƙarshe. Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa amma yana murmushi. Ya ce, "Maɗi."

Na sa hannu na watsa yashin, na fita bayan zaure na yi kuka kamar yaro. Da babin da ya ce bai ji ba ya kayar da ni.

Ya yi wasu shekaru bayan wannan. Bai koma kan buzun ba, ya ce mai cikakken izini ne ya cancance shi. Ɗaliban da suka rage ya tura mini su, shi kuma ya riƙa zama a ƙarshen sahu, ya jingina da bango yana kallon bakunanmu. In baƙon malami ya zo ya rubuta masa tambaya a kan littafin, yakan amsa har zuwa wurin, sannan ya ɗora hannu ya ce, "Nan karatuna ya tsaya, ku tambayi wancan." Da kaka ya rasu, ana cikin yankan dawa, muka kai shi bayan ganuwa.

Na daɗe ina jin haushin malamin Katsina. Nakan ce da ya ba ni babin a makon da na isa, da na dawo kafin bazara, da Malam ya ji da kunnensa. Har yanzu in na lissafa haka lissafin yake fita, kuma yana ci mini rai. Amma shekarun baya wani saurayi ya zo daga garin Kutemeshi, ya ce ya karanta littafin a wani wuri saura ƙarshe, in taimaka masa yana sauri. Na buɗe baki zan ce to, sai na ji kaina ina cewa daga bisimilla za mu faro. Ya tafi bai dawo ba. Ban san ko wa yake jiran sa a gida ba, ban tambaya ba, kuma na yi da-na-sanin rashin tambayar.

Yanzu ni ne tsohon da yake zauren. Alƙali yana aiko mini in gado ya rikice, masu neman laya suna zuwa ina share yashi. Masu son manɗiƙi kaɗan ne, waɗanda suke kaiwa ƙarshe ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Su ne suke gulmata, suna cewa duk tsawon littafi sai sun matso kafin su ji abin da nake faɗa, amma da an shiga babin kurakuran hujja sai in kama ɗaga murya har a jiyo ni a bakin ƙofar gari. Wani mai ƙarfin hali a cikinsu ya taɓa ce mini, "Allah ya gafarta Malam, ai muna ji."

Na ce masa na sani, ba da ku nake ba.